Kalmar "Ci": Asalinta da Ma'anoninta Bisa Ma'aunin Hausar Arewacin Zamfara

Gabatarwa

Abin da muke nufin yi a wannan takarda shi ne mu ɗauki kalma guda ɗaya tak, mai baƙi ɗaya da wasali ɗaya, watau aikatau "ci", mu duba abin da masana suka faɗa game da asalinta da ma'anoninta, sa'an nan mu auna maganganun nasu da Hausar da ake yi a ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne, a kundayen da ɗaliban kwalejojin ilmi ke rubutawa, har ma a bakin wasu daga cikinmu malamai, akan cuɗa tambayoyi uku a mai da su ɗaya. Ta farko, daga ina kalma ta fito. Ta biyu, daga ina ma'anoninta suka fito. Ta uku kuwa, da wace kalma ta wani harshe ta yi kama a kunne. Kowace tana da tata hanyar bincike, kuma amsar ɗaya ba ta zama amsar ɗaya. Ɗalibin da aka sallama da wannan cuɗe a kansa, gobe shi ne malamin Hausa a firamare ko ƙaramar sakandare, kuma abin da muka ba shi shi zai raba wa yara.

Yadda aka bi sawun irin wannan kalma a Turai

Kafin mu shiga Hausa, ya kamata mu ɗan leƙa inda aka fara ƙera kayan aikin da za mu yi amfani da su. Kalmar da ke nufin cin abinci a Ingilishi ita ce "eat". A harshen Holan "eten" ce, a na Suwidin "äta", a Jamusanci "essen". Harshen Gotawa, wanda ya mutu tuntuni amma ya bar fassarar Baibul da Wulfila ya yi a ƙarni na 4, yana da "itan". A wajen wannan dangi, Latin yana da "edere", Sanskirit na ƙasar Indiya kuma yana da saiwar "ad".

Masanan Turai ba su amince cewa waɗannan kalmomi tushensu ɗaya ba don kawai sun yi kama. Abin da ya gamsar da su shi ne bambancin da ke tsakaninsu yana bin ƙa'ida. Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822 sun nuna cewa inda Latin ke da "d", Ingilishi da danginsa "t" suke da shi: "decem" da "ten", "duo" da "two", haka kuma "edere" da "eat". Jamusanci kuma daga baya ya sake juya wannan "t" ɗin, ya mai da shi "ss" a tsakiyar kalma bayan wasali: "water" da "Wasser", "better" da "besser", saboda haka "eat" da "essen". Ke nan "essen" da "edere", waɗanda ba su yi tarayya a baƙi ko ɗaya ba, 'yan gida ɗaya ne, kuma ana iya nuna hanyar da kowanne ya biyo.

Akwai wani abu kuma da za mu buƙata nan gaba. Tsohon Ingilishi yana da "fretan", watau lamushewa irin ta dabba, ɗan'uwan "fressen" na Jamusanci wanda har yau ake faɗa wa cin dabba. A Ingilishin yau kalmar ta zama "fret", kuma ma'anarta ta koma damuwa da zullumi. Bahaushe zai gane wannan nan take, domin shi ma yana cewa abu yana cin sa a rai. To amma babu mai cewa Hausa ta aro wannan daga Ingila, ko Ingila daga Hausa. Harsuna biyu suna iya haɗuwa a ma'ana ba tare da sun haɗa kaka ba.

Asalin kalmar

Hausa tana cikin iyalin harsunan Cadi, waɗanda yawansu ya haura 150 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, kuma tun aikin Joseph Greenberg na 1950, wanda ya kammala a littafinsa na 1963, aka zaunar da iyalin a matsayin reshe na babban gidan Afro-Asiya, tare da Larabci da danginsa, da harsunan Berber, da tsohon harshen Masar. Mu ba mu da rubutun ƙarni na 4 irin na Gotawa. Tsofaffin takardunmu su ne 'yan'uwan Hausa da kuma kare-karen Hausar kanta.

Paul Newman da Roxana Ma sun aza harsashin kwatanta harsunan Cadi a 1966, sa'an nan a 1977 Newman ya fito da jerin kalmomin da ya ƙaddara uwar harsunan ke da su. A nan ya ba da *ti ga cin abinci, *sa kuma ga shan ruwa. Tauraron da ke gaban kalma yana nufin ba a same ta a rubuce ba, ƙiyasi ne ya kai mu gare ta. A Bolanci na ƙasar Fika ana cewa "ti" da "sa". A ƙamusun harshen Ngizim na Russell Schuh, na 1981, kalmomin su ne "tau" da "sau". Tambayar ita ce, yaya "t" ya zama "c" a Hausa?

Amsar tana bakinmu kullum, ba ma sai mun je Yobe ba. Ganɗantawa ce. A Hausa "t" yakan koma "c" idan wasalin "i" ko "e" ya biyo shi: mota da motoci, sata da sace, fita da fice, mutu da mace. Haka "s" ke komawa "sh" a ƙasa da ƙasashe, "z" ya koma "j" a kaza da kaji. Ke nan *ti ba ta da wata makoma a Hausa face "ci". Wannan hujja irin ta Grimm ce sak, domin ƙa'idar da ta bayyana kalma ɗaya ita ce ta bayyana ɗaruruwa. A ganinmu wannan bayani ya zauna, kuma shi ya kamata a koyar.

To, ga inda matsala take. Hausa tana da baƙaƙe kimanin 30 da wasula 5, in mun ajiye tsawon wasali da karin sauti gefe. Ke nan gaɓoɓin baƙi da wasali da za a iya ginawa ba su wuce 150 da 'yan kai ba, kuma sauran harsunan duniya ma haka abin yake kusan. Duk wanda ya ɗauki gajeriyar kalma ya shiga ƙamusoshin duniya yana nema mata dangi, lalle zai samu. A harshen Sin na Mandarin, kalmar cin abinci "chi" ake rubuta ta da haruffan boko. Da kama a kunne hujja ce, da sai mu ce Hausawa daga Sin suka taso. Mun sha jin ana cewa "sha" gutsuren "shariba" ce ta Larabci. Mai wannan magana sai ya gaya mana ina "r" da "b" suka tafi. Sa'an nan ya gaya mana dalilin da ya sa Bolewa da Ngizim suke da "sa" da "sau". Larabci dangin Hausa ne na nesa, kuma ya ba ta kalmomin aro masu ɗimbin yawa, amma "ci" da "sha" ba sa cikinsu. Kalmar Larabci ta cin abinci ma "akala" ce.

Ko a cikin gidan Afro-Asiya sai an yi hattara. A harshen Kabil na Aljeriya, ɗan'uwan harshen Buzaye, ana cewa "ečč" ga cin abinci, da sauti irin na "c" ɗinmu. Abin yana da jan hankali ƙwarai. Amma tunda mun riga mun nuna "c" na Hausa jariri ne, wanda ganɗantawa ta haifa, to abin da za a kwatanta da kalmar Kabil shi ne *ti, ba "ci" ba. Wanda ya jera "ci" da "ečč" ya ce ga hujja, ya kwatanta jikoki ne ya manta da kakanni. Wannan ne kuma sukarmu ga ƙamusun kwatance na Neil Skinner na 1996. Aiki ne na shekaru, mai tarin amfani, amma ya tara kalmomi masu kama daga harsuna barkatai ya bar wa mai karatu aikin tankaɗe da rairaya. Masani zai iya. Ɗalibin da ke neman abin da zai cika babi na biyu na kundinsa kwashewa zai yi gaba ɗaya.

Akwai kuma cuɗen cikin gida, watau ganin "ci" a duk inda haruffan nan biyu suka haɗu. "Abinci" abin ci ne, babu gardama. Haka "cima" da "cimaka" da "maciyi". Amma mun ga inda aka fassara "zalunci" da cewa wai cin wani ne, "talauci" kuma wai talaka ne ake ci. Wannan kuskure ne, kuma ganɗantawa ce dai za ta warware shi. Zalunci abokin zalunta ne, talauci abokin talauta, mutunci abokin mutunta, shugabanci abokin shugabanta. "C" ɗin da ke ƙarshensu "t" ne na ɗafa-ƙeyar "-ta" da ya haɗu da "i". Shi ma wanda ya ce "ciki" da "ciniki" da "ciyawa" daga "ci" suke, wajibi ne ya nuna mana ɗafa-ƙeyar "-ki" da "-niki" da "-yawa" suna irin wannan aiki a jikin wasu aikatau, kamar "bi" da "fi" da "ji". Ko "ciwo" na rashin lafiya, wanda ya fi sauran kama da gaskiya, karin sautinsa sama-ƙasa ne, alhali "ciwo" na "ya ciwo bashi" sama-sama ne.

Abin da Zamfarci ya riƙe da abin da ya ƙaga

A ƙasar Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, ko Shinkahi kamar yadda masu garin ke faɗi, saiwar kalmar ba ta canza ba. Abin da ke kewaye da ita ne ya bambanta da daidaitacciyar Hausa. Za ka ji "shi yac ci", "ita tac ci", "su sunka ci", "mu munka ci". Amma sifofi biyu ne suka fi dacewa da batunmu.

Ta farko ita ce "ciyas", da "ciyad da" idan karɓau ya biyo baya, a inda Kano ke cewa "ciyar" da "ciyar da". A nan Yamma ce ta riƙe tsohon abu. "S" ne na asali, "r" na Kano daga baya ya zo, kuma shaidar tana cikin Kananci kansa, domin kowa yana cewa "ya cishe shi", "ya bashe shi", inda "sh" ɗin "s" ne da ya ganɗance a gaban "e". Wannan ya yi daidai da abin da August Klingenheben ya nuna tun wajen 1928, cewa Hausar Yamma ta riƙe baƙaƙen ƙarshen gaɓa waɗanda Gabas ta narkar, kamar "zamna" da "sabka" da "amre" a maimakon zauna da sauka da aure.

Ta biyu ita ce "canye", wadda ake ji a maimakon "cinye". Nan ne muke so mahalarta su ɗan tsaya. Saboda misalan da suka gabata, ya zama al'ada a tsakaninmu, musamman mu 'yan wannan yanki, mu ɗauka duk abin da Zamfarci ko Sakkwatanci ya bambanta da Kananci a kai, to namu ne na asali. Wani zai ma iya hango "tau" na Ngizim ya ce ga tsohon wasalin "a" nan Zamfara ta adana. Ba haka ba ne. Da "a" ɗin tsoho ne, da babu abin da zai ganɗantar da "t", da *tanye muke cewa. Kasancewar "c" a gaban "a" shi ke nuna an gina "canye" ne bayan "c" ya riga ya zauna, kuma ga alama an zuba ta ne a kan ƙirar "shanye" da "janye", waɗanda ke tafiya tare da ita a magana. Ke nan a kalma guda, Zamfarci ya fi Kananci tsufa a wuri ɗaya, ya kuma fi shi ƙuruciya a wani wurin. Karin harshe ba rumbun tsofaffin kaya ba ne kurum, shi ma yana ƙira.

Ma'anoni

Nan ne aikin ya fi yawa. G. P. Bargery a 1934 da R. C. Abraham a 1949 sun jero ma'anonin "ci" bi da bi, da misalai masu kyau, amma jeri ne, ba su ɗauki nauyin nuna zaren da ya ɗinke su ba, kuma ba aikin ƙamus ba ne dole. Claude Gouffé ya yi doguwar maƙala da Faransanci a kan "ci" da "sha" a 1966. Kemp Williams ya sake duba su a 1991. Sa'an nan a 2009 Philip Jaggar da Malami Buba suka fito da bayanin da ya fi shahara yanzu, wanda kan maƙalarsu ma ya ɗauke shi: "ci" yana miƙewa zuwa rinjaye, "sha" kuma zuwa ɗanɗana abin da ya auka wa mutum.

Wannan bayani yana da ƙarfi, kuma tarihin yankinmu cike yake da shaidarsa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara. A 1808 rundunar jihadi, wadda Namoda ke cikin jagororinta, ta ci Alƙalawa. Laƙabin Cigari daga nan ya fito. Ana cin yaƙi, ana cin zaɓe, ana cin jarrabawa, ana cin mutum a dara. Wanda aka kayar kuwa ya sha kashi, ya sha wuya, ya sha rana. Duk wannan daidai ne.

Inda muke da ja shi ne yadda bayanin ya shigo azuzuwanmu ya zama doka mai layi biyu, har ana tambayar sa a jarrabawa kamar lissafi. Hausar da ake yi ba ta yarda da haka ba. Ɓarawon da aka kama a kasuwa ya sha duka, amma kuma ya ci duka, har ya ci na jaki. Matafiyi ya sha wahala, ya kuma ci baƙar wahala. Wane rinjaye ne a nan? A ɗaya ɓangaren, wanda ya sha gaban abokin tafiyarsa, ko ya sha kan gardamamme, ko ya shawo kan rikici, ai shi ne mai rinjaye, kuma da "sha" ya yi shi. Wanda ya ci bashi fa? Kowa ya san wanda ke sama tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi.

Mu a namu ganin, rinjaye ba shi ne tushen ma'anonin ba, mahaɗa ce. Cin abinci aiki ne mai fuska fiye da ɗaya, kuma Hausa ta buɗe ƙofa a kowace fuska. In aka dubi mai ci, abu ne ya shiga jikinsa ya zama nasa, mai daɗi ne ko marar daɗi. Daga nan aka sami cin gado da cin riba da cin sarauta da cin sa'a da cin ado, kuma daga nan ne dai aka sami cin bashi da cin duka. Shi ya sa buhu ke cin tiya kaza, riga ta ci yadi kaza, gini ya ci kuɗi. In kuwa aka dubi abin da aka ci, raguwa ya yi ko ya ƙare. Daga nan aka sami cin amana da cin mutunci da cin zarafi da cin fuska, da ruwa ya ci mutum, da wuta ta ci gari. Cin gari a yaƙi yana tsaye ne daidai inda ƙofofin biyu suka haɗu, domin mai ci ya samu, wanda aka ci ya rasa. Saboda misalin ya cika ta kowane gefe, shi ya sa ya fi fitowa fili har aka ɗauke shi uban sauran. Akwai wata ma'ana kuma da kunya ke hana mu faɗi a zauren taro, wadda kowa ya sani, ita ma a wannan mahaɗa take.

Bambancin cin duka da shan duka, a yadda kunnenmu ke ji, yana ga yanayin aikin ne. Ci yana ɗauke da nauyin loma, abu mai kauri da aka yi a zama ɗaya. Sha yana ɗauke da kwarara da daɗewa, kuma wannan ne ya ba shi damar zama alamar maimaici a "ya sha zuwa" da "mun sha faɗi", aikin da "ci" ba ya yi ko kaɗan.

Cin rani misali ne da ya cancanci a daɗe a kansa, tunda yankinmu gidansa ne. R. M. Prothero ya yi nazarin masu wannan tafiya daga Lardin Sakkwato a shekarun 1950, lokacin da Zamfara ke cikin lardin, kuma tun 1929 da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda garin ya zama ƙofar fita. Ɗan cin rani bai rinjayi rani ba. Cinye shi yake yi, watau ya ƙarar da watannin a wani wuri, domin hatsin da ke rumbu ya kai iyali damina. Abin sha'awa a nan shi ne, mutumin yana cin lokaci ne don kada ya ci hatsi. Ma'anar aro da ma'anar asali suna aiki tare a cikin al'ada guda.

Sai ƙofa ta uku, wadda a ganinmu aka fi yi wa rashin adalci, watau inda "ci" ke zuwa ba karɓau. Bazamfare zai ce "ran Alhamis Shinkahi ka ci". Me kasuwar ke ci? Wa ta rinjaya? Mutane suna cin kasuwa, kasuwa kuma tana ci, kuma waɗannan maganganu biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. A 2021, lokacin da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci saboda matsalar 'yan bindiga, abin da mutane ke faɗi shi ne kasuwa ba ta ci, watau ba ta raye, ba ta aikinta. Haka fitila ke ci, wuƙa ke ci, rini ya ci, magani ya ci. Haka kuma muke cewa sarki mai ci da gwamnati mai ci. Muna ganin wuta ce gadar da aka bi. Wuta tana cin itace, kuma muddin tana cin itacen tana raye, saboda haka "wuta tana ci" ya zama tana aiki, daga nan sauran suka bi. Sarki mai ci yana iya zama ya biyo ta cin sarauta, amma in aka lura, ba ranar naɗi ake nufi ba, ana nufin wutarsa ba ta mutu ba. Ƙamus ya kamata ya ware wa wannan ma'ana gurbinta, kada a cusa ta ƙarƙashin nasara.

Su wa muka yi tarayya da su a ma'ana

Da yake kalmar gadon Cadi ce, sai a zaci ma'anoninta ma duk gado ne. Ba lalle ba. Yarbanci ba dangin Hausa ba ne ko kusa, kalmarsa ta ci kuma "jẹ" ce. Amma Bayarabe yana cewa "jẹ oyè", cin sarauta, da "jẹ gbèsè", cin bashi, da "jẹ ìyà", cin wahala. A Swahili na gabashin Afirka ana cewa "kula rushwa", cin rashawa. Irin waɗannan suna iya zama abin da maƙwabta suka koya wa juna a kasuwa da zango, suna kuma iya zama irin haɗuwar nan ta "fret" da cin rai, wadda tunanin ɗan'adam ke kawowa ko'ina. Abin lura kuma, misalin Yarbanci na uku ya nuna ba Hausa kaɗai ke cin abin da ba ta so ba.

Larabci, wanda muka hana shi asalin kalmar, a nan yana da haƙƙi. Alƙur'ani mai girma ya yi amfani da "akala" a kan dukiyar marayu a Suratun Nisa'i, da riba a Suratul Baƙara, da naman ɗan'uwa a Suratul Hujurati inda ake hani ga giba. Malaman da suka yi ƙarnoni suna fassara waɗannan ayoyi a zaure da wajen tafsirin azumi da "ci" suke fassarawa, kuma da wuya a raba cin dukiyar maraya da cin naman mutane na Hausar yau da wannan karatu. Kalmar tamu ce, amma an yi mata ɗori. A nan ma akwai tarko ga mai dogara da rubutun boko, domin "riba" ta ciniki, mai dogon wasalin farko, daga "ribh" take, "riba" ta haramun kuwa mai gajeren wasali daga wata kalmar dabam take, ga shi kuwa duka biyun cin su ake yi, kuma rubutunsu ɗaya.

Akwai kuma abin da ya kamata a bincika ta fuskar 'yan'uwan Hausa. Harsunan Cadi da yawa, har da Bolanci da Ngizim, suna da aikatau biyu, ɗaya na cin abu mai laushi kamar tuwo, ɗaya na abin da sai an tauna kamar nama, kuma *ti ta mai laushi ce. Hausa ta haɗe su a "ci", ta kuma tura wasu abubuwan ga "sha", shi ya sa muke shan mangwaro da lemo da rake da kankana. Kalmar da ta faɗaɗa haka tun a kan akushi, ba abin mamaki ba ne ta faɗaɗa a wajensa.

Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, ya yi babban aiki wajen bayyana Hausa da Hausa, amma bisa manufarsa daidaitacciyar Hausa ya sa gaba. Wanda zai rubuta tarihin kalma yana buƙatar "ciyas" da "canye" da "yac ci", da sanin garin da ake faɗin kowace da shekarun mai faɗin. Wannan aiki ba ya jira. Shekaru fiye da goma na rashin tsaro sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Zurmi da Shinkafi, mutanensu sun watsu zuwa Ƙaura da Gusau da wasu garuruwan, 'ya'yansu suna tashi da Hausar makaranta da ta finafinan Kano. Yaron da kakarsa ke cewa "canye" yana jin malami na gyara masa zuwa "cinye", ba tare da an gaya masa cewa tasa ma tana da tarihi ba. Ɗalibanmu da suka fito daga waɗannan garuruwa su suka fi kowa damar zama da tsofaffin nan da na'urar ɗaukar magana, kuma kundin da ya tattaro jimloli 200 na "ci" daga bakin mutanen gari ɗaya, da bayanin wanda ya faɗa da inda ya faɗa, sashen Hausa zai iya karɓar sa a matsayin aikin kammala karatu.